Ragar ƙarfe ta jakar kyamara: wacce za ka saya, kuma a ina take aiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a nan Kano, yanzu aiki ya fara kai ni Kaduna da Abuja, wani lokacin har Legas. Jakar goyo nake ɗauka, da kyamara biyu, lens uku, filasha da laftof. Na ga wata ragar ƙarfe a intanet da ake rufe jaka da ita saboda ɓarayi. Tana da amfani kuwa? In tana da shi, wacce zan zaɓa?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara buɗi, tunda har aiki ya fara fitar da kai daga gari.

Tana da amfani, amma amfanin nata a wuri ɗaya yake: lokacin da jakar ba ta jikinka, kuma akwai wani ƙarfe kafaffe da za ka ɗaure ta a jikinsa. In waɗannan biyun ba su haɗu ba, nauyi kawai ka ƙara wa bayanka. Don haka kafin ka tura kuɗi, zauna ka lissafa wuraren da kake barin jakarka in ka yi tafiya. Ɗakin otal in ka fita cin abinci, cikin mota in an tsaya sallah, bayan zauren biki lokacin da kake tsakiyar fili kana aiki, kan kantar jirgin ƙasa in barci ya ɗauke ka. Waɗannan wuraren ne za su zaɓar maka ragar, ba hoton da ka gani a waya ba.

Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, saƙa ce ta siraran wayoyin ƙarfe marar tsatsa, mai ramuka kamar buhun albasa, sai dai ramukanta sun fi faɗi. Kowace waya silili ne da yawa aka murɗe wuri guda, shi ya sa take lanƙwasuwa amma reza ba ta cin ta. Duk inda wayoyi biyu suka haɗu an matse su da wani ɗan ƙarfe. A bakinta akwai wata waya mai kauri da ta zagaye, ita za ka ja ka tsuke bakin bayan ka saka jakar. A jikin wannan wayar akwai 'yan ƙulle-ƙulle na ƙarfe a jere, ɗaya daga cikinsu ne zai maƙale a wani ɗan faranti, sai ka zagaya ragowar wayar a jikin ƙarfen gado ko na kujera, ka dawo da bakinta kan farantin, ka danna kwaɗo. Kwaɗo ɗaya ya riƙe abu biyu ke nan, bakin ragar da kuma ɗaurin. Kamfanin da ya yi suna da ita shi ne Pacsafe, wanda wasu 'yan Ostareliya biyu suka kafa a 1998, kuma da wannan ragar suka fara. Yanzu kwaikwayonta sun yi yawa, wasu ba laifi, wasu kuwa da hannu ma za ka ɓalle su.

Yawancin satar kayan hoto ba ta mai shiri ba ce. Mutum ne ya ga jaka ba kowa kusa da ita, ya saɓa a kafaɗa ya fice yana tafiyarsa a nitse, ba wanda zai tare shi don kowa ya ɗauka yaron mai hoton ne. Wannan raga ta gama da shi, domin yana ɗagawa zai ji ta riƙe, kuma ba zai tsaya kokawa da waya a gaban jama'a ba. Sai mai reza. Wani abokin aikinmu ya taɓa nuna min jakarsa bayan tafiyar dare a babbar mota. Ya tura ta ƙarƙashin kujerarsa, ƙafafunsa na taɓa gabanta har gari ya waye, hankalinsa kwance. Ashe daga kujerar baya aka tsaga gindin jakar, tsaga ɗaya miƙaƙƙiya da ba ta wuce taƙi guda ba, aka zare lens ɗin da ke ƙasa, aka bar masa sauran. Zif bai motsa ba, ɗan kwaɗon da ya sa yana nan a kulle. Da akwai raga a kanta, rezar za ta yanka yadin, amma lens ba zai bi ta ramin ba. Wanda ragar ba ta iya wa shi ne wanda ya san abin da ke ciki, ya zo da abin yankan waya, kuma ya samu ɗaki shi kaɗai. Wannan minti kaɗan ya ishe shi. Ka sa wannan a ranka tun yanzu: jinkiri kake saye da kuɗinka, da tilasta wa ɓarawo ya yi motsin da za a gan shi.

Za ka iya cewa, to me ya hana in sayi wayar kulle keke kawai in zura a hannun jakar? Ba laifi, ta fi babu, kuma ta fi raga sauƙin ɗauka. Amma hannun jaka yadi ne. Mai reza zai yanke hannun, ya bar maka wayarka da kwaɗonka a jikin ƙarfe, ya tafi da jakar. Fifikon raga shi ne babu wani yadi da za a yanka jakar ta kuɓuta, don ƙarfen ne ya rungume ta gaba ɗaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin ta cancanci kuɗinta ga mai irin kayanka.

Batun girma shi ne inda aka fi yin asara. Da lita ake auna su, na Pacsafe sukan zo a 55, 85, 120 da 140. Kada ka dogara da lambar da aka rubuta a jikin jakarka, domin wannan awon cikinta ne, kuma jakar kyamara soso ya cinye mata wuri, wajenta ya fi cikinta girma sosai. Cika ta da duk abin da kake tafiya da shi, har laftof da caja, sannan ka ɗauko tef na tela ka auna tsayi da faɗi da kauri a santimita, ka ninka su, ka raba da dubu. Misali jaka mai tsayin 50, faɗin 32, kaurin 22, za ta ba ka lita 35 da ɗoriya. Irin wannan mai lamba 55 ce daidai da ita, kuma ina kyautata zaton taka ba za ta wuce nan ba. Kada ka ce bari in sayi babba don gaba. In raga ta yi wa jaka yawa, sai ta yi sako-sako, a iya jan ta gefe, a juya jakar a cikinta har zif ya zo daidai wani rami. In kuma ta yi kaɗan, bakin ba zai tsuke ba, sai ka bar kafar da hannu zai shiga. Abin da ake so shi ne ta kama jikin jakar tsam, bakin ya haɗe har yatsa uku ba za su wuce ba. In kana ɗaura ƙafar kyamara a gefen jaka, cire ta kafin ka auna, kuma ka riƙa cire ta kafin ka saka ragar, domin ƙafafun na shiga ramuka su hana ta zama daidai. Ita ƙafar sai ka zura wayar ɗaurin ta tsakaninta.

Ramukan nan su ne raunin da masu talla ba sa faɗa. Kyamara ba za ta fita ba, lens ba zai fita ba, amma yatsu suna shiga. Mai haƙuri zai iya jan zif ɗin aljihun waje a hankali ya zaro batir, memori, kuɗi, ko ƙaramar waya. Ko ka kulle zif da kwaɗo, irin zif ɗin roba da ke kan yawancin jakunkuna da bakin biro ake huda shi ya buɗe. Maganin shi ne kada ka bar komai mai daraja a aljihun waje, kuma ka fara rufe jakar da rigar ruwanta kafin ka saka raga, yadda zif ɗin zai ɓuya. Rigar kuma tana kare yadin jakar daga gugar ƙarfe, don raga tana cin jaka a kusurwoyi in tafiya ta yi nisa a hanya mai gargada. In jakarka irin mai buɗewa ta baya ce, wato ta ɓangaren da ke manne da gadon bayanka, irin su Lowepro Flipside, ka riga ka samu rabin sauƙi. Kwantar da ita ta wannan ɓangaren, ko ka jingina shi da bango.

In ragar ta zo hannunka, ko ka samu ta hannu a wurin wani, kada ka tsaya kallon ƙyallinta. Kama wayoyi biyu a wata mahaɗa ka ja da ƙarfi, ka yi haka a wurare da dama. In ɗan ƙarfen da ya matse su ya zame ko da kaɗan ne, mayar da ita, domin ta nan za a buɗe ramin ya zama ƙofa. Sannan ɗauko tsohuwar safa ko hankici ka shafa ko'ina. Inda ya maƙale, silin waya ne ya tsinke ya miƙe, kuma shi ne zai soke ka a yatsa ranar da kake sauri, ya kuma yage maka jaka. Duba bakin wayar ɗaurin, inda aka naɗe ta aka yi mata kunne, nan ne duk nauyi yake sauka in an fizga. Duba farantin ma, wasu na kwaikwayo roba ce zalla. A nan Kano iska a bushe take mafi yawan shekara, ko ƙarfe marar kyau zai daɗe bai nuna halinsa ba, amma ka kai shi Legas ko Fatakwal da damina ka gani, tsatsa za ta fito a mahaɗu ta ɓata maka jaka. Nauyin ragar kuwa, ƙaramar ta kai wajen rabin kilo, kuma tana naɗewa ta shige 'yar jakarta.

Kwaɗon da ke zuwa da irin waɗannan kaya sau da yawa shi ne mafi rauni a cikinsu. Ka auna ramin farantin, ka je kasuwar Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa ka nemi kwaɗo mafi kaurin hanci da zai shiga ramin, mai gajeren hanci yadda ba za a samu wurin zura ƙarfe a ɓanɓare shi ba. Ni na fi son mai mukulli. Mai lambobi uku haɗi dubu ne kacal a cikinsa, wanda ya samu rabin awa shi kaɗai a ɗaki zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. In dole sai mai lamba, ɗauki mai huɗu, shi haɗinsa dubu goma ne. Akwai wasu 'yan kwaɗuna na matafiya masu jan tambari, waɗanda aka yi don jami'an filayen jirgin Amurka su iya buɗewa da mukullinsu na musamman. Kada ka sa irinsu a nan, domin tun 2015 hoton waɗancan mukullai ya bazu a intanet har aka riƙa kwafar su. Da hunturu ƙura kan shiga kwaɗo ya riƙa cijewa. Kada ka ɗiga masa mai, mai da ƙura in sun haɗu dasƙarewa suke. Kankare bakin fensir ka hura garin a ramin, ka saka mukulli ka juya sau da yawa, zai saki. Mukulli ɗaya a aljihunka, ɗaya a wani wurin daban a jikinka, ba a cikin jakar ba.

Yanzu abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, wato inda za ka ɗaure. Ka sayi raga mafi tsada a duniya, in ka zagaya wayarta a ƙafar tebur, ɗaga teburin kawai za a yi a zare. Ƙa'idar ita ce wurin ya zama rufaffen zagaye, wanda ba shi da bakin da waya za ta sulluɓe, kuma ba a kwance shi da sukundireba. A ɗakin otal, gadon ƙarfe da aka yi wa walda ya yi, in ka zura ta tsakanin sandunan da suka haɗu sama da ƙasa. Gadon katako na zamani sau da yawa ba shi da inda za a zura komai. Sandar rataye kaya a cikin wadirof ƙusa biyu ne ke riƙe da ita. Bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu a banɗaki yawanci roba ne, da ƙafa ake karya shi, ga kuma laima da ba ta yi wa lens kyau. Ƙarfen taga shi ne mafi ƙarfi a yawancin ɗakunanmu, amma in ɗakin a ƙasa yake kada ka bar jakar daidai tagar inda hannu zai kai daga waje. Zura wayar a ƙarfen ƙasa, ka sauke jakar a gindin bango, ka ja labule. Shi ya sa tsawon wayar ɗaurin yake da muhimmanci, kuma ina ba ka shawara ka haɗa da ƙarin waya. A Ƙofar Ruwa za ka samu wayar ƙarfe mai rigar roba, ka sa a yanka maka kamar mita biyu, a yi mata kunne a kowane baki a matse da kyau. Da ita za ka kai ga ƙarfen da ya yi nisa. Ni in na shiga ɗakin da zan kwana, kafin in duba fanka ko ruwa, idona wurin ɗauri yake nema. In babu, jakar ba ta zama a ɗakin in ba ni.

A mota, kada jakar kyamara ta shiga but, ko 'yan kamasho sun matsa maka. In ka hau Sharon ko Homa a Unguwa Uku za ka Kaduna ko Abuja, ɗora ta a cinyarka, in kuma aikin ya biya, sayi kujera biyu. But ana buɗe shi a kowane gari da wani ya sauka, ana danne kaya da buhuna, ga zafi. A manyan motocin da ke tashi daga New Road zuwa kudu, ƙafar kujera a ɗaure take da ƙasan motar, nan ne wurin ragarka, a gabanka ba a ƙarƙashinka ta baya ba, kuma kada wayar ta gitta hanyar wucewa, don in wani abu ya faru mutane su samu fita. In an tsaya sallah ko cin abinci, a nan ragar take biyan kuɗinta: ka sauka ka yi alwala ka yi sallarka da nutsuwa, ba ka ajiye jaka a bayan sahu kana sallah zuciyarka na kanta ba. Haka a jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, in ka ɗora jakar a kantar kaya, ɗaure ta a sandar kantar, kuma ka zaɓi kantar da ke gabanka inda idonka ke gani, ba wadda ke saman kanka ba. Mukulli ya kasance kusa, saboda a shingen jami'an tsaro jaka mai wayoyi a jiki tana jawo tambaya. Ka buɗe da kanka ba gardama, katin shaidarka da rasit ɗin kayanka suna hannu, sai a sallame ka da wuri.

In da motarka ka tafi, ɗaure jakar a ƙarfen da kujera ke gudu a kansa, ka lulluɓe ta, kuma ka yi hakan kafin ka isa inda za ka ajiye motar, ba a gaban masu kallo ba. Sai dai ka tuna a watan Maris da Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka nesa. Yawancin kyamarori an yi su ne su yi aiki daga sifili zuwa digiri 40, batir ma ba ya son zafi. Raga ba ta da maganin wannan.

Jirgin sama kuwa, kyamara da lens da laftof a hannu suke tafiya, ba a awon kaya ba. Naɗe ragar ka ajiye ta daban kafin ka kai wurin na'urar bincike a filin jirgin Malam Aminu Kano, don in tana kan jakar za ta rufe hoton abin da ke ciki, a sa ka kwance komai. Kada kuma ka naɗe jaka da raga tsirara ka miƙa ta a awo, tana iya maƙalewa a bel ɗin da ke jan kaya. Kamfanoni da yawa kilo 7 suke bari a hannu, kayanka kuma sun kusa cinye shi, don haka ragar ta bi akwatin tufafi. Batiran ajiya da fawa bank dole a hannu suke, ba a yarda su shiga kayan awo ba. Wanda bai wuce 100Wh ba, wato awon yawan cajin da batir ke ɗauka, babu matsala, daga nan zuwa 160 sai da izinin kamfani. Yawancin batiran kyamara ba su kai 20Wh ba, kada ka damu.

Wurin biki shi ne inda kayanmu suka fi salwanta, kuma nan ne mutane suke gajiya da raga, saboda saka ta da cire ta na cin minti biyu ko uku, amarya kuwa ba za ta jira ka ba in ta shigo. Wanda ya kulle duk lens ɗinsa a ciki, zuwa tsakiyar dina zai bar ta a buɗe. Raba kayan tun kafin a fara. Abin da za ka yi aiki da shi, kyamara biyu, lens ɗin canji, batir da memori, su hau jikinka a ɗamara ko 'yar jakar ƙugu. Laftof, caja da sauran su shiga babbar jaka, a kulle, a ɗaure a ƙarfen dandamali ko na taga kusa da mai kiɗa ko masu bidiyo, inda akwai idon wanda ka sani. Ba za ka sake taɓa ta ba sai an tashi. A wurin kamu ko wunin biki a cikin gida, roƙi uwar biki ta nuna maka ɗakin da ake kullewa, sannan ka ɗaure a can.

A kan titi raga ba ta da aiki, har ma tana iya cutar da kai. A cunkoson ɗaurin aure a ƙofar masallaci, ko a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ko cikin Kwari, abin da ke tsare jaka shi ne ka juyo da ita gabanka, hannunka a kan zif. Kada ka goya jaka da raga tana ƙyalli a rana. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, duk wanda ya ga an yi wa jaka sulke ya san ba tufafi ne a ciki ba. Shi ya sa ko a mota nake so ka zura ta, da ragar da komai, cikin tsohuwar Gana-mas-go ko buhu, ka fito da wayar ta wata 'yar huda. Akwai nau'in da ke zuwa da baƙin yadi lulluɓe a kan ƙarfen, in ka samu irinsa a girman jakarka, shi na fi so. Sannan ina roƙonka, kada ka taɓa ɗaure jaka a jikinka da waya a cikin Adaidaita Sahu. In an fizga daga kan babur, kai za a ja ƙasa. In kuwa masu ƙwace suka tare ka da makami, ka san halin da garin nan ya shiga kan ƙwacen waya, miƙa musu. Mun rasa matasa a kan abin da bai kai kuɗin lens ɗaya ba.

Akwai abu biyu da za su iya maye gurbin ragar, ya danganta da yadda aikinka yake. Na farko 'yar jakar ajiya ce da aka ɗinke ragar a tsakanin yadinta, ba a ganin ƙarfen, ba kuma ramin da yatsa zai shiga. Pacsafe na yin ta da sunan Travelsafe, akwai mai lita 5 da mai 12. Mai 12 za ta ɗauki kyamara ɗaya da lens ko biyu da wasu ƙananan kaya. In damuwarka ɗakin otal ce kawai, wannan ta fi raga sauƙin sha'ani. Na biyu akwatin roba mai tauri irin Pelican 1510, mai ramukan kwaɗo, wanda ke tsare kaya daga ƙura da ruwa da danniya. 'Yan fim da ke fita lokeshan da mota sun fi amfana da shi. Amma ba komai a cikinsa ma ya haura kilo 5, ga wanda ke hawa motar haya shi kaɗai wahala ce. Ga irin tafiyarka, da jakar goyo da motar haya da kwanan otal, ni raga mai lamba 55 zan ce, da kwaɗo mai kyau da ƙarin waya.

Abin da ba na so ka kulle a cikin ragar ko sau ɗaya shi ne memorin da ka gama aiki da shi. Kyamara in ta tafi, da wuya ko da daɗi za a sake saye. Hoton ɗaurin auren mutane ba a sake shi, kuma amana ce suka damƙa maka. In kyamararka mai ramin memori biyu ce, sa ta rubuta a duka biyun. In an tashi, ɗaya ya shiga aljihun gaban rigarka ko na cikin wando, ɗaya ya zauna a jaka, kuma ka kwafe a laftof kafin ka kwanta. Sannan yau ɗin nan, ka juya kowace kyamara da kowane lens ka ɗauki hoton lambar da ke jikinsu, ka haɗa da rasit ka tura wa kanka ta imel. Ranar da abu ya ɓata, Allah ya kiyaye, wannan lambar ce za ka kai wa 'yan sanda, ita za ka watsa a zaurukan masu hoto da wurin masu gyara da masu sayen na hannu, don kayan hoto kasuwarsu ƙarama ce, sukan dawo hannun wanda ya san wani. Kyamarori da yawa ma suna rubuta lambar a cikin bayanan kowane hoto da suka ɗauka. 'Yar na'urar bin sawu irin AirTag tana taimakawa in ka ɓoye ta a cikin soson jaka, amma da wayoyin iPhone da ke kusa take aika labari, don haka ta fi aiki a Abuja da Legas fiye da ƙauyukan kan hanya. In kayanka sun yi yawa, tambayi kamfanin inshora ko na takaful, wato inshorar Musulunci, game da tsarin da ke biyan asarar kayan aiki a tafiya, ka karanta da kyau abin da suka ce game da kayan da aka bari ba mai tsaro.

Samun ragar a nan sai an yi oda, ba kaya ba ne da ake bajewa a shago. Ko ta intanet, ko ka ba wa ɗan kasuwar da ka yarda da shi saƙo in zai je Dubai ko Sin. Tura masa awon jakarka a santimita, ba lita kawai ba, ka ce ya ɗauko maka hoton mahaɗun da farantin da bakin wayar kafin ya biya. In ta iso, kada ranar tafiya ta zama ranar farko da za ka gwada ta. Zauna a ɗaki ka saka ka cire har hannunka ya saba, ka gwada da fitila a kashe ma, don a motar dare haka za ka yi. Naɗe ta ma sai an koya, in ka cusa ta yadda ka ga dama za ta harɗe, wayoyin su karye a lanƙwasa. Ka turo min tsayi da faɗi da kaurin jakar taka bayan ka cika ta, in duba maka ko 55 ɗin za ta rufe bakinta.